Amsa ga Hajiya kan aikin muƙamuƙin ɗanta

Salamu alaikum Hajiya. Tun jiya da dare na karanta tambayarki, wallahi na daɗe ban runtsa ba, don kamar labarina kika rubuta. Kin ce muƙamuƙin ƙasa na yaronki ya yi gaba, likita zai mayar da shi baya, ya kuma nuna muku a kwamfuta yadda hanyar numfashinsa za ta zama bayan aiki, kina tambaya ko a yarda da hoton. Ni ma irin aikin aka yi mini, kuma an nuna mini hoton.

Ta fannin ƙashi ki yarda da shi. Manhajoji irin su Dolphin da ProPlan suna gina kan mutum daga hoton sikana, likita ya yanka ƙashin a allo ya matsar da shi, a buga ɗan faifan roba da za a sa tsakanin haƙora ranar aiki. Nawa milimita 8 aka tsara, kuma nan ya zauna, yau ina gatsa nama kamar kowa, alhamdu lillahi. Amma maƙoshi nama ne mai laushi, harshe kuma a jikin muƙamuƙin ƙasa yake ɗaure. In muƙamuƙi ya koma baya harshe zai bi shi, ya rage wa iska wuri. Hoton kuwa mutum yana farke ake ɗauka, galibi a zaune ko a tsaye, cikin ƴan daƙiƙoƙi. Ko ɗaga kai ko haɗiye yawu yana canja awon. Ita kuwa cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci sai an kwanta, musamman rigingine, barci ya yi nauyi, naman wuya ya saki, sannan take fitowa.

Ba zan manta ranar da aka nuna mini nawa hoton ba, a wata kilinik a Tunis. Likitan ya juyo mini da allo, ga maƙoshina kamar bututu mai launi-launi. Na ce masa maiɗakina tana cewa ina ɗan minshari. Ko kallona bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa allon da bakin biro, ya ce na'ura ta nuna akwai wuri. Bai tambaye ni yaya nake tashi da safe ba, bai ce a yi gwajin barci ba, minti biyu bai ba maganar ba. Ni da na kwashe rabin jarin shagona na atamfa na kawo masa! Na yi shiru don ina ganin ya fi ni sani, kuma shirun nan har gobe yana ci mini rai.

Wata huɗu da dawowa Maraɗi, maiɗakina ta daina barci. Sai ta zauna tana kallon ƙirjina, ta ga ya tsaya cik, tana ƙirge a zuci har in zabura da wani gurnani kamar wanda aka shaƙe. Da safe kai na sarawa, baki a bushe, a shago ina auna yadi ina gyangyaɗi. Rannan muna hanyar Tasawa bayan azahar, yara uku a bayan mota. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Kururuwar babbar ƴata ce ta tashe ni, ƙafafun mota biyu sun riga sun shiga rairayi, ga amalanken shanu a gabana bai fi taku goma ba, da wani yaro a kai riƙe da sanda, ya daskare yana kallona. Na taka birki, na fito, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa ina salati. Ƙaramin cikin yarana ya zo ya riƙe mini riga yana cewa Baba ba ka da lafiya? Hajiya, fuskar yaron nan na kan amalanke ba ta bar idona ba.

Na rubuta wa likitan ta WhatsApp. Sai da ya yi kwana tara ya amsa da layi ɗaya, wai in rage ƙiba. Ni da na yi wata biyu kan kunu, wando na zamewa daga ƙuguna. Na bar shi da Allah.

Daga baya wani likita ya sa aka yi mini gwajin barci, numfashina yana yankewa ko raguwa sau 22 a awa ɗaya. Ƙasa da 5 ne lafiya, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Shi ya faɗa mini da an jawo muƙamuƙin sama gaba, aikin da suke kira Le Fort I, da na ƙasa kaɗan kawai za a mayar baya. Ashe masu wannan ciwon ma, jawo muƙamuƙan biyu gaba ake yi musu, wajen milimita 10, a matsayin magani. Yanzu da injin CPAP nake kwana, mai hura mini iska don kar maƙoshi ya toshe, kuma kin san halin wuta a garin nan, sai da na haɗa da batir da sola.

Kar in tsorata ki, da yawa an yi musu sun zauna lafiya, musamman matasa marasa jiki. Amma yau da dare ki sa ƙanensa ya ɗauki sautin barcinsa da waya. Ku nemi gwajin barci kafin a taɓa shi, ko da sai an je Yamai ko Kano. Ku ce likitan ya nuna muku wurin da ya fi matsewa a maƙoshin, nawa yake yanzu, nawa zai koma, kar ya tsaya kan jimillar faɗin kawai. Ku tambaye shi batun muƙamuƙi biyu, in ya ɓata rai ku nemi wani. Kuma don Allah kar a yi da hunturu, kumburi ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, in ƙura ta toshe hanci ga haƙora ɗaure da roba, azaba ce. Ki tanadi injin markaɗe da babban sirinji, kunun gyaɗa da fura mai ruwa-ruwa su suka riƙe ni. Leɓen ƙasa zai yi sanyi kamar ba nasa ba, nawa gefen hagu bai gama dawowa ba, ki lura da zafin shayinsa.

Af, ba ki faɗi shekarunsa ba. Muƙamuƙin ƙasa na namiji yana iya ci gaba da girma har bayan shekara 18, in an yi da wuri yana iya sake fitowa. Shekararsa nawa, Hajiya, kuma yana minshari?