Tambayoyi da Amsoshi: Lantarki da Halittun da ke Toshe Bututun Jirgin Ruwa

Wasiƙun wannan mako sun fito ne daga masu aiki a ɗakin injin jiragen ruwa, kuma dukkansu sun shafi na'urar da ke hana halittun teku manne wa cikin bututu.

Tambaya: Malam, injin jirginmu ya fara zafi, da muka buɗe matacin ruwan sanyaya sai muka tarar da halittu masu ɓawo sun cika shi. Na murɗa wutar na'urar zuwa amfiya 2 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ce), amma har yanzu injin yana zafi. In ƙara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sauke hannunka daga kan wannan maɓalli, domin ba rediyo ba ne da ake ƙara wa murya idan ba a ji. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, saboda na sha ganin an zaro sandar jan ƙarfe da aka sa don ta kai shekaru, ta zaizaye ta koma siririya kamar fensir cikin 'yan watanni, alhali bututun yana nan a toshe.

Aikin na'urar shi ne ta tura 'yar wutar lantarki cikin sandar jan ƙarfe, wadda ake kira anod, da ke zaune a akwatin shigar ruwa ko cikin matacin, sai jan ƙarfen ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan yana bin ruwa. Abin da ake buƙata bai wuce kimanin miligiram 2 a cikin lita 1,000 ba, kuma wannan ya isa ya hana ƙananan 'ya'yan halittun samun mazauni, su wuce su fita ta ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka riga suka girma, suka yi ɓawo, suka liƙe da jikin ƙarfe kuwa, wannan adadi ba ya ɓamɓare su, kuma ko sun mutu ɓawonsu yana nan yana tare hanyar ruwa.

Lissafin ma a bayyane yake tun binciken da masanin kimiyya Michael Faraday ya wallafa a shekarun 1833 da 1834: nauyin ƙarfen da ke narkewa yana bin yawan wuta da tsawon lokaci. Amfiya 1 tana cinye kusan giram 1.2 na jan ƙarfe a awa guda, wato sama da kilo 10 a shekara. Idan famfonka yana jan lita 100,000 a awa, giram 0.2 kawai kake buƙata, abin da bai kai rubu'in amfiya ba. Kai kuwa kana zubar da sama da kilo 20 a shekara cikin teku, kana cutar da halittun da ba su shiga bututunka ba. Idan kuma akwai alminiyum a hanyar ruwan, yawan jan ƙarfe yana huda shi.

Ka rufe bawul, ka kankare matacin da bututun da na'urar sanyaya da hannu, sannan ka mayar da wutar kan adadin da kamfanin ya rubuta. Bayan haka ka tanadi littafi, ka riƙa rubuta amfiya da bolt, wato ma'aunin ƙarfin tunkuɗar wuta, na kowace sanda kullum da safe. Ban san wata ɗabi'a da ta fi wannan ceton kayan aiki ba, domin ranar da bolt ya fara hawa alhali amfiya tana faɗuwa, ka san sandar ta kusa ƙarewa ko waya ta saki.

Tambaya: Akwai dunƙulen tutiya a jikin jirgina. Ba su wadatar ba?

Amsa: Ba su wadatar ba, don aikinsu daban ne. Tutiya tana lalacewa ne domin ta kare ƙarfe daga tsatsa, ba ta korar halitta ko ɗaya. A shekarar 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya liƙa tutiya da baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ke lulluɓe da jiragen sojan ruwan Ingila, jan ƙarfen ya daina zaizayewa kamar yadda ya so, amma sai ciyawar teku da masu ɓawo suka mamaye shi, saboda zaizayewar ce take korarsu tun farko. Sanda ta biyu da ake gani kusa da ta jan ƙarfe, ta alminiyum ko ta baƙin ƙarfe, ita ce ke rage tsatsar cikin bututu.

Tambaya: Tamu na'urar mai haɗa sinadarin kulorin ce don korar halittun. Da muka shiga kogi sai manhajar wayata ta fara nuna jan gargaɗi. Ta lalace ne?

Amsa: Ba ta lalace ba. Daga gishirin teku take samar da kulorin, kuma ruwan teku yana da kusan giram 35 a kowace lita, na kogi kuwa ba shi da abin a zo a gani. Ka kashe ta sai kun koma teku.

Tambaya: Wani farin abu mai tauri ya lulluɓe faifan ƙarfen taitaniyom na cikin na'urarmu mai haɗa kulorin. In goge shi da burushin waya?

Amsa: A'a. Farin abin kalsiyum ne da magniziyum da ke taruwa a kan faifan, kuma burushin waya zai kankare siririn rufin da ke yin aikin gaba ɗaya. A wanke shi da ruwan asid mai rauni irin wanda kamfanin ya ambata, bayan an yanke wuta. A kuma tabbatar bututun fitar iska a buɗe yake, domin wannan na'ura tana fitar da haidirojin, wanda ke kamawa da wuta idan ya taru a rufaffen ɗaki.

Tambaya: Zan iya jan ruwan injin tace ruwan sha daga layi ɗaya da mai kulorin?

Amsa: A'a. Kulorin yana lalata siririyar fatar da injin ke tace ruwa da ita, kuma ba ta gyaruwa. Ka ja ruwan daga wani layi dabam, ko ka sa matacin gawayi a gabansa ka riƙa gwada ruwan kafin ya shiga.