Kwalta ko intalok: amsoshin tambayoyinku kan shimfiɗar haraba da layi

Tambaya daga Gusau: Assalamu alaikum. Na gama ginin gida, harabar za ta ɗauki mota huɗu. Wani ɗan kwangila ya ce zai zuba mini kwalta da rahusa, don yana da ragowar kaya daga aikin titi. Maƙwabcina kuma ya ce in sa intalok, wato ƙananan bulo na siminti da ake jerawa a ƙasa suna sarƙe da juna. Wanne ya fi?

Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya wa gidan albarka. Da nawa ne, intalok zan sa, kuma maganar "ragowar kaya" ita ce ta fi tsorata ni.

Abin da muke kira kwalta a kan titi haɗi ne: kusan kashi 95 cikin 100 tsakuwa ce da yashi da garin dutse, baƙin dankon da ke riƙe su bai wuce kashi 5 ko 6 ba. Dankon shi ne abin da ke saura a ƙasa idan an tace ɗanyen mai an cire fetur da kananzir da gas. A masana'anta ana haɗa shi da zafin da ya kai digiri 150 ko fiye, kuma dole a shimfiɗa a bi da rola kafin ya huce. Tifar da ta yini a bakin aiki sannan ta iso gidanka da yamma, kayanta sun riga sun sandare. Rola ba za ta iya danne su ba, sai a bar ƙananan kafofi a ciki, ruwa ya samu hanya. Damina ɗaya za ka ga tsakuwa tana fita da tsintsiya.

Ko da kayan na da zafi, akwai abin dubawa. Baƙar shimfiɗa na shan rana, a watan Afrilu yaro ba zai iya taka ta ba takalmi ba, da dare kuma ta riƙa huro zafin cikin ɗakuna. Sannan gas da baƙin mai suna narkar da danko, tunda asalinsu ɗaya. Inda janareta ke ɗiga, nan za ta fara laushi. Intalok kuwa in bututun ruwa ya fashe, sai a ɗaga 'yan ƙwayoyi a gyara a mayar. Ka nemi mai kaurin santimita 6 don ƙananan motoci, in tankar ruwa na shigowa ka sa mai 8. Ka tsaya da kanka a ga an daddale ƙasa sosai kafin a zuba yashi, a kuma ɗaure gefuna da kankare, domin daga gefe yake fara watsewa.

Tambaya daga Zariya: Mu 'yan kwamitin unguwa ne, mun tara kuɗi za mu sa wa layinmu kwalta. Kuɗin ba zai isa har da lambatu ba. Mu fara da kwaltar?

Don Allah kada ku yi haka, ranku ya daɗe. Kwalta riga ce kawai, kaurinta a layin unguwa santimita 4 zuwa 5 ne. Marmara da dakakken dutsen da ke ƙarƙashi su ke ɗaukar nauyin mota, kuma da zarar ruwa ya jiƙa su, sai saman ya tsattsage kamar bayan kada, rami ya biyo baya. Ku gina lambatu da kwalbati bana, ku zuba marmara mai kyau a bi ta da rola, tsakiyar layin ta ɗan fi gefe tudu don ruwa ya gangara. Baɗi in hali ya yi, akwai hanya mai sauƙin kuɗi: a fesa danko, a watsa tsakuwa a kai, a danne, a maimaita sau biyu. Ga layin da manyan motoci ba sa bi, wannan ya wadatar. Ku tambayi ɗan kwangilar wane danko zai kawo. Danko mai lamba 60/70 (lambar na nuna taurinsa ne) shi aka saba amfani da shi a haɗin zafi a ƙasashe masu rana irin tamu. Kuma ku sa rai farashi zai motsa da dala, domin duk da ɗimbin kwaltar da ke kwance a ƙasa a yankin Agbabu na jihar Ondo, mafi yawan wadda ake aiki da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita.

Tambaya daga Maraɗi: Dekin gidana na yoyo. In narka kwalta a ganga in shafe shi?

A'a, Hajiya. Tsurar kwalta na malala da zafi, ta tsage da sanyin hunturu, ga haɗarin ƙuna ga mai shafawa. Akwai wadda ake sayarwa a naɗe kamar tabarma, ana manna ta da wutar gas. Ki samu wanda ya iya, a fara gyara gangaren dekin da bakin indararo, a bar shi ya bushe sarai, gefen kowace shimfiɗa ya hau kan 'yar'uwarta da kamar santimita 10. A yi aikin da rani.