Amsa: Hadda ko fahimta a ajin fiƙihu?

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta malam. Ka ce ɗalibanka na sashen nazarin addinin Musulunci suna haddace takardun lacca su ci jarrabawa, amma in ka kawo mas'alar da ba ta ciki sai su yi tsuru-tsuru, shi ne kake tambaya ko a daina sa su hadda.

Ni dai ban ga laifin hadda ba. Matsalar ita ce abin da ake haddacewa. A zaurukan Katsina, tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ɗalibi shi ke jan baƙi, malam ya fassara, ya gyara masa nan take. Daga Ahalari zuwa Iziyya zuwa Risala, ba ka wuce babi sai malam ya ji da kunnensa ka gane. Jami'a, ko da irin Al-Qalam ce da aka kafa a 2005, tana da zango da jadawali, ajin kuma a cike, don haka wannan sauraren ne ya fara ɓacewa.

Ka dawo da shi gwargwadon hali. Raba su rukuni-rukuni, kowane mako wani rukuni ya karanta matanin Larabcin da kansa a gaban aji. Sannan ka jefa musu tambaya daga kasuwa: manomi ya karɓi kuɗin gero tun damina, zai kawo bayan girbi, wane ciniki ne wannan, mene ne sharuɗɗansa? Su nemo a babin salam, wato cinikin da ake biyan kuɗi kafin a kawo kaya, su kare amsarsu.

Masu raunin Larabci za su yi ƙorafi da farko. Ka haɗa kowannensu da wanda ya yi zaure, kuma ka ware wa karatun maki a cikin gwajin zango, in ba haka ba ba za su ɗauke shi da muhimmanci ba.