Me ke riƙe ƙudan zuma idan ya tsaya cak a iska?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha ganin ƙudan zuma ya tsaya cak a iska a gaban fure, ba ya gaba ba ya baya, kuma bai faɗo ba, alhali jirgin sama sai ya yi gudu kafin ya ɗaga. Na kuma ji ana cewa masana sun taɓa yin lissafi suka ce bai kamata ma ƙudan zuma ya iya tashi ba. Mene ne gaskiyar wannan magana? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar da kika ji tana da tushe, domin a shekarar 1934 wani masanin ƙwari Bafaranshe, Antoine Magnan, ya rubuta cewa da aka auna ƙwari da ƙa'idodin turjiyar iska, sai lissafi ya nuna tashinsu ba zai yiwu ba. Kuskuren yana cikin ma'aunin da aka ɗauka. An yi lissafin kamar fiffiken ƙwaro kafe yake irin na jirgi, wanda sai iska ta bi ta kansa a miƙe sannan ya ɗaga, shi kuwa fiffiken ƙwaro ba ya zama wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido.

Idan ƙwaro zai tsaya a iska, yawanci yakan ɗan miƙar da jikinsa, ya riƙa share iska da fuka-fukansa gaba da baya, kusan a kwance, ba sama da ƙasa ba kamar yadda mutane da yawa suke zato. Ki gwada da tafin hannunki a cikin ruwa: ki karkata shi ki tura gaba, idan kin kai ƙarshe ki juya shi ki dawo da shi baya, za ki ji a tafiya da dawowa duka ruwan ƙasa kike dannawa. Haka ƙudan zuma yake yi da iska, sau 230 ko kusa da haka a daƙiƙa ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne karkatar fiffiken. Fiffiken jirgi idan ya karkata fiye da kimanin digiri 15, iska takan rabu da bayansa, ƙarfin ɗagawa ya zube. Ƙwaro kuwa yakan kai kusan digiri 45, kuma maimakon ya faɗo, sai wata 'yar guguwa ta naɗu a bakin gaban fiffiken, ta manne a samansa har ƙarshen sharar, ta rage nauyin iskar da ke wurin, fiffiken ya zuƙu sama. Charles Ellington da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij da ke Ingila ne suka nuna wannan guguwa a 1996, inda suka busa hayaƙi a kan wani babban malam-buɗe-littafin dare da kuma na'urar da suka ƙera mai kwaikwayon fuka-fukansa. A 1999 Michael Dickinson a Amurka ya tsoma manyan fuka-fukan roba a cikin tankin mai, ya nuna cewa juyawar fiffike a ƙarshen kowace shara tana ƙara ɗagawa, kuma idan ya juyo yakan ci karo da iskar da ya tayar da farko, ya sake cin moriyarta.

Ƙwari mafiya ƙanƙanta suna da wata dabarar, wadda wani masani mai suna Torkel Weis-Fogh ya bayyana a 1973: sukan haɗa fuka-fukan biyu a saman baya kamar tafi, sannan su buɗe su da sauri, iska ta ruga cikin tsakanin.

Saurin bugun fuka-fukan ƙudan zuma kuwa ya samu ne saboda tsokar tashi a jikinsa ba a fiffike take liƙe ba, bangon ƙirji take matsawa da sakewa, shi kuma ya motsa fuka-fukan, kuma saƙo ɗaya daga jijiya yakan haifar da bugu da yawa. Sharar ƙudan zuma gajeriya ce, kimanin digiri 90, ta sauro kuwa ba ta wuce kusan 40 ba, shi ya sa sauron yake ramawa da bugu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya har ki ji kukansa siriri a kunne. Idan ƙudan zuma ya buƙaci ƙarin ƙarfi, kamar lokacin da ya ɗauko kaya daga fure, yakan faɗaɗa sharar ne, yawan bugun kuwa ya tsaya kusan yadda yake.