Ƙanwata, ki koyi miya ɗaya kafin ki hau jirgi

Wa alaikumus salam ƙanwata, ya gida ya yara, ya kuma shirin tafiya, Allah ya kawo ku lafiya. Na ga saƙonki, kin ce digiri na biyu za ki zo yi, maigida zai riƙa fita aiki tun safe, ga yara biyu ƙanana, kuma abin da ya fi damunki shi ne girki, har wata ta ce miki kawai ki jibge katan-katan na indomi don wai babu ɗalibar da ke da lokacin ɗora tukunya. To ni dai gaskiya ban yarda da wannan shawarar ba. Lokaci kam zai yi miki kaɗan, wannan ba ƙarya ta yi ba, amma abin da kike buƙata ki iya tushen miya guda ɗaya sosai, ki iya haɗa ruwan salak, ki san yadda ake sarrafa taliya, shike nan kin riƙe gida, sauran duk canje-canje ne a kan waɗannan.

Miyar da nake nufi ita ce wadda ake sha da cokali, ita ce abincin da kanta, sai dai a haɗa da burodi. Tushenta albasa ce da karas da seleri (wani kayan lambu ne mai dogayen koren kara), da su ake fara yawancin miya a Faransa da Italiya, albasa kashi biyu, karas kashi ɗaya, seleri kashi ɗaya, ki yayyanka ƙanana ki zuba a ɗan mai ki rage wuta su yi laushi a hankali kamar minti 10 ba tare da sun ƙone ba. Don Allah kar ki yi gaggawa a nan, duk daɗin miyar daga wannan minti goman yake fitowa, in kika antaya ruwa albasa na ɗanye za ki yi ta ƙara sinadarin ɗanɗano kina mamakin me ya sa miyar ta yi lami. Sai tafarnuwa a ƙarshe-ƙarshe don ita saurin ƙonewa gare ta, in ta ƙone kuma ɗaci take yi.

Daga nan hanya ta buɗe. In kin gaji liƙis kin dawo daga lakca, ki wanke jan adas (ɗan ƙaramin waken nan da ake rubuta red lentils a ledarsa) kofi ɗaya ki zuba a kan tushen nan da ruwa kofi huɗu ko biyar da ɗan tumatir da kurkum, shi jan adas ba a jiƙa shi, minti 20 ya narke, ki markaɗa in kina so ta yi sumul, ki matsa lemon tsami a kai. Mutanen Turkiyya sun shahara da irin wannan miyar, kuma lemon ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, bitamin C ɗin da ke ciki yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ayon mai ƙara jini da ke cikin adas da wake, abin da mace mai shayarwa da yara masu tasowa suke buƙata ke nan. In kuma ranar da firij ya cika da guntattakin kayan lambu ne, rabin kabeji can, dankalin turawa biyu nan, koren wake da ya fara yaushi, ki tattara su duka a kan tushen nan ki ƙara tumatirin gwangwani da waken gwangwani, abin da Italiyawa ke ce wa minestrone ke nan, ba ta da wata doka, abin da ke gidan shi ake zubawa. Waken gwangwani dafaffe ne, ki tsiyaye ruwansa ki ɗauraye kawai. Amma in busasshen jan wake ne mai kamar ƙoda, ki jiƙa shi ya kwana sannan ya tafasa sosai aƙalla minti 10 kafin ki rage wuta, yana da wani sinadari da ke sa amai da gudawa in bai samu tafasa mai ƙarfi ba, shi ya sa ba a zuba shi ɗanye a tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali.

Sai romo. Ranar da ba ki da makaranta ki sayi kaza guda, ki cire tsokar ki ajiye, ƙasusuwan ki zuba a babbar tukunya da albasa da citta da ruwa, in ya tafasa ki kwashe kumfar ki rage wuta can ƙasa ya yi ta ɓararraka a hankali awa biyu kina gefe kina karatunki. Ki tace ki rarraba a robobi ki sa a firiza. Wallahi wannan romon shi zai cece ki lokacin jarabawa, don da shi taliya ke zama abincin kirki cikin minti goma.

Ita indomin ma ba cewa na yi ki yar da ita ba. Wani mutumin Japan ne mai suna Momofuku Ando ya fara fito da irin wannan taliyar a 1958, turara ta ake yi sannan a soya a mai don ta bushe, shi ya sa take dahuwa nan take kuma shi ya sa take da maiƙo. Matsalar ta fi yawa a ƴar ledar sinadarin nan ta ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, akwai ledar da ita kaɗai take cinye fiye da rabin wannan, balle ga yaro da nasa ma'aunin bai kai na babba ba. Ki saba da karanta bayan leda, a Turai gishiri suke rubutawa, a Amurka kuma sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, in kin ga sodiyam ki ninka shi sau biyu da rabi ki samu gishirin. Yadda nake yi, in tafasa romona da citta da tafarnuwa, in zuba karas da kabeji, in fasa ƙwai ko in yaga tsokar kaza, sai taliyar a ƙarshe, sinadarin kuma rabi ko ma babu. Ki duba kayan haɗin ma da kyau musamman na ramen, wato taliyar Japan da ake ci cikin romo, akwai mai romon ƙashin alade, akwai kuma ruwan haɗin da ake sa mirin a ciki, ita mirin giyar shinkafa ce ta girki, to in ba ki ga tambarin halal ba ki tsaya ki karanta.

Taliya kala-kala ce a shaguna kar ki tsaya a guda ɗaya. Ta shinkafa siririyar ruwan zafi kawai ake jiƙa ta a ciki, da irin taliyar shinkafa mutanen Biyetnam suke yin miyarsu ta pho. Ta ƙwai minti uku zuwa huɗu ta isa. In soyawa za ki yi, ki gama yanka komai kafin ki kunna wuta, kasko ya yi zafi sosai, nama tukuna ki kwashe, sai kayan lambu, sai taliyar da soya sos da ɗan lemon tsami, kuma kar ki cika kaskon maƙil don ruwa za su fitar su koma dahuwa maimakon soyuwa. Abu ɗaya da mutane ke yawan yi, su dafa taliya a cikin miyar da za a ajiye, washegari ta shanye ruwan ta kumbura ta caɓe. Ki dafa ta daban, kowa a zuba masa a kwano a kwarara miya a kai.

Salak ba shi da wahala. Mai cokali uku, lemon tsami ko binega cokali ɗaya, ɗan gishiri, ki rufe a kwalba ki girgiza. Ganyen ki wanke ki bari ya tsane sosai, kuma sai an zauna ci za ki zuba ruwan haɗin in ba haka ba ya yi laƙwas. Latas saurin lalacewa gare shi, kabeji da karas sun fi jure zaman firij, in kin ɗora dafaffen ƙwai ko kifin gwangwani ko wake ya zama abincin rana da za ki tafi da shi makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniyar nan dai ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace kullum, kuma kayan lambun firiza da ake sayarwa a leda suna cikin lissafi, kar ki raina su, an riga an wanke an yanka, ɗaliba kuma abin da take nema ke nan.

Maganar ajiya kuma ina so ki riƙe ta da kyau tunda girkin kwana uku za ki riƙa yi a tashi ɗaya. Kar abinci ya wuce awa biyu a waje bayan an sauke, kuma kar ki tura babbar tukunya cikin firij yadda take don tsakiyar ba ta hucewa da wuri, ki rarraba a robobi marasa zurfi. Firij ya tsaya digiri 5 a ma'aunin Celsius ko ƙasa da haka, firiza 18 ƙasa da sifiri. Miya kwana uku zuwa huɗu a firij, abin da zai wuce haka firiza, in za ki ɗumama kuma iya wanda za a ci kawai, ya tafasa har tsakiya. Ɗanyar kaza ba sai kin wanke ta a famfo ba, ruwan fantsama yake yi ya watsa ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da ganyen salak, wuta ce ke kashe su, kuma katakon yankan nama daban na ganye daban.

Su yaran, ki ɗebi nasu kafin ki sa gishiri da yaji, manya kowa ya ƙara a kwanonsa. Wanda bai shekara ba ba a sa masa gishiri, ba a ba shi zuma sam. Taliya ki gutsuttsura musu da almakashin kicin, ƙananan tumatir ɗin nan masu kamar inabi kuma ki raba su huɗu a tsaye don suna shaƙe yaro.

In kun sauka, kafin komai ki nemi babbar tukunya mai murfi, kasko mai faɗi, wuƙa mai kaifi, katako biyu da robobin ajiya, bilenda za ta iya jira. Ki faɗa min shekarun yaran da kuma ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai, alkama, waken soya ko riɗi, don duk suna yawa a girkin taliya, sai in tsara miki na satin farko daidai da su. Ki gaishe da maigidan.