Katsina zuwa Daura wai 0.7

Ɗana na ga saƙonka, ka ce ka zuba Katsina da Daura a PostgreSQL, manhajar rumbun adana bayanai, ka sa <-> tsakaninsu, wato alamar auna tazara, ya ba ka 0.7, kana tambaya ko kilomita ce. Ina! digiri ne wannan, kuma injin bai yi maka ƙarya ba, abin da ka tambaye shi ya amsa.

Shi point ɗin nan, nau'in ajiye wuri a matsayin ɗigo da ke zuwa da PostgreSQL, da 'yan uwansa su box da circle da polygon, ba ruwansu da cewa duniya a dunƙule take, shimfiɗaɗɗen allo kawai suke gani, x da y. Katsina tana wajen 7.6 gabas, Daura wajen 8.3, ta arewa kuma duk suna kusa da 13, sai ya ɗebe wannan daga wancan ya miƙo maka. A nan yankinmu digiri ɗaya gabas zuwa yamma kusan kilomita 108 ne, buga ka gani, saba'in da 'yan kai ke nan a miƙe, ba ta kwalta ba.

Don haka ka sa PostGIS, ƙarin da ke koya wa PostgreSQL aikin taswira, ka ajiye wuraren a nau'in geography, wanda ya san duniya a dunƙule take, da SRID 4326, wato lambar tsarin longitud da latitud irin na GPS, ST_Distance zai ba ka mita kai tsaye. In ma'aunin filaye za ka yi ni na fi son ka juya lambobin da ST_Transform zuwa 32632, wato shiyya ta 32 da muke ciki a UTM, tsarin taswira mai aiki da mita. Amma fa kar ka ɗauko ST_SetSRID ka ce ka juya, wannan lakabi kawai yake mannawa, lambobin na nan yadda suke. Tsofaffin takardun safiyo kuma ka fara tambaya, da yawa kan ma'aunin Minna aka yi su, tsohon tsarin safiyo na Najeriya da ya bambanta da 4326.

Sai abin da ke kada yara kullum, longitud ake fara rubutawa sannan latitud, shi kuwa Google Maps latitud yake fara ba ka, kana kwafowa ka liƙa haka nan to ka kai Katsina Kamaru, kuma ko tari injin ba zai yi ba.

Batun neman rijiyoyin burtsatse da ke cikin kilomita 2 daga Hasumiyar Gobarau, kar ka auna kowace ɗaya da ST_Distance, tebur in ya yi girma sai ka sha shayi ka dawo bai gama ba. Yi wa teburin indes na GiST, wanda ke hanzarta neman wurare, ka kira ST_DWithin, mai zaƙulo abin da ke cikin tazarar da ka ba shi, da mita 2000. Gwada ka turo min abin da EXPLAIN, umarnin da ke bayyana yadda injin zai bi ya yi binciken, ya nuna.