Tambaya da Amsa: Me ya sa waƙar Sifen ɗin da na tsara ta fito lami?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon fiyano, kuma na saurari waƙoƙin gargajiya bakwai na ƙasar Sifen da Manuel de Falla ya tsara. Na gwada yi wa wata tsohuwar waƙar Andalus irin wannan kwalliyar zamani, amma ta fito ba armashi. Ina kuskuren yake? *Daga wata ɗaliba.*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Falla ya kammala waƙoƙin nan a 1914, bayan ya yi shekara bakwai a Paris yana cuɗanya da manyan masu tsara kiɗa na Faransa irin su Debussy da Ravel, aka fara rera su a Madrid a watan Janairun 1915. Karin waƙoƙin kusan yadda ya same shi ya bar shi, sabon salon ya zuba shi a fiyano. To ke ma ki ƙyale muryar mai rerawa, aikinki yana ƙarƙashinta.

Muna kyautata zaton a ƙarshen baiti kika yi tuntuɓe. Kiɗan Andalus, yankin kudancin Sifen, yakan gangaro ta haɗin sauti (wato sautukan da ake bugawa tare) huɗu: Am, G, F, sannan E, kuma a kan E ɗin yake hutawa. Kunnen mai koyo sai ya ji kamar ba a gama ba, ya ƙara Am don ya rufe. Nan take ƙamshin Andalus ya gudu. Ki tsaya a E. In kina son kaifi, ɗora sautin F a kansa su ɗan gogi juna, kamar yadda yake fita a jita idan makaɗi ya bar wasu tsirkiyoyi a sake. Tsirkiyoyin jita shida, E, A, D, G, B, E, yawancinsu tazarar huɗu ce tsakaninsu (kamar daga E zuwa A: E, F, G, A), don haka gwada gina haɗin sautinki da tazarar huɗu maimakon uku da aka saba. Sau ɗaya ko biyu a baiti ya isa; in ya yi yawa, waƙar za ta nutse.

Sai bugu. Ɗauki bugu shida, ki ƙirga su uku-uku, a zagaye na gaba kuma biyu-biyu-biyu. Ki fara tafa shi da hannu kafin ki zauna gaban fiyano. Wanda ya ba kowane bugu nauyi ɗaya, fareti zai kaɗa, ba rawa ba.

Ki rage taka feda, wato matakin fiyano mai tsawaita sauti. Maimaita sauti ɗaya da sauri, irin na waƙar Polo, ɗaya daga cikin bakwai ɗin Falla, kwaikwayon jita ne, yana son fita a bushe. Ki riƙa canza yatsu 3, 2, 1, wato na tsakiya, manuni, sannan babban yatsa.

Af, kada ki ɗauka duk Sifen Andalus ce. A cikin bakwai ɗin, Jota rawar yankin Aragon ce mai bugu uku da sauri, Asturiana kuwa daga arewa take, a sanyaye ake rera ta. In wata waƙar da za ki tsara daga can ta fito, wancan gangaren zuwa E ba nata ba ne.